DASHEN MARKE A ƘOFAR GIDA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Bukkuyum ko Gummi ya san marke. Dogon itace ne mai tokatokan ɓawo da ƙananan ganye, rassansa sirara suna zubowa ƙasa suna lilo in iska ta kaɗa. An fi ganinsa a bakin Gulbin Zamfara da ƙoramun da ke zuba cikinsa, da gefen fadamu, da gindin tsohon suri. Amma da wuya ka ga mutumin da ya dasa shi da hannunsa. Mun ɗauke shi icen daji, namu sara kawai.

Wannan takarda za ta nuna wa manomi yadda zai reni marke guda ɗaya a ƙofar gidansa, ko a dandalin unguwa, ko a filin masallaci ko makaranta, har ya zama icen ado da inuwa. Aikin ba ya cin kuɗi. Wuyarsa biyu ce, samun dashe da tsaron shekara uku na farko.

ME YA SA MARKE?

A birane za ka ga an jera baƙin itatuwa don ado. Akwai dogon nan na ƙasar Indiya mai rassa a sauke da ake dasawa gaban ofisoshi. Akwai kuma masu ganye kamar allura, irin waɗanda ma'aikatan daji suka dasa a Afaka kusa da Kaduna, da kan tsaunukan Jos da Mambila. Na farko ba shi da inuwar kirki, kuma sai da ban ruwa. Na biyu yana son ruwan sama da sanyin da ba mu da su a nan. Kada ka ɓata kuɗinka.

Kyan da ake nema wajen waɗannan baƙi, marke yana da shi, kuma ya saba da ranarmu da hunturunmu. In saiwarsa ta kafu ba ya bukatar kowa ya ba shi ruwa.

Dalili na biyu, marke yana ƙarewa. Icensa yana da nauyi, yana daɗewa yana ci, gawayinsa kuma na gari ne. Saboda haka shi masu gawayi da masu itacen sayarwa ke fara nema. Ga shi kuma ba ya saurin maye gurbinsa. Wuraren da dattawa suka san kurmin marke, da yawa yanzu sai kututture.

Dalili na uku, shiga daji ya zama abin haɗari a shekarun nan. Ƙotar fartanya, da ganyen awaki, da asuwaki, in suna ƙofar gidanka ka huta da aiken yaro nesa.

SANIN ICEN

Fulani suna kiransa kojoli, Yarbawa ayin. Masana itatuwa sun daɗe suna rubuta sunansa Anogeissus leiocarpa, yanzu kuma sun haɗa shi gida ɗaya da baushe, suna cewa Terminalia leiocarpa. Sabara da taramniya ma danginsa ne. Ana samunsa tun daga Senegal har ƙasar Habasha.

A ƙasa mai kyau yakan kai mita 15, wani ma ya wuce 20. Yana fure da damina, ƙananan furanni ruwan ɗorawa a dunƙule. 'Ya'yan suna nuna da rani. Kowane dunƙule bai wuce kan yatsa ba, in ya bushe ka murza shi sai ya wargaje ya zama ƙananan ƙwayoyi masu faɗi, kowace da fukafukai biyu. Waɗannan su ne irin.

ABU BIYU DA ZA KA SANI TUN FARKO

1. Marke ba dogon yaro ba ne. Dogon yaro, wanda aka kawo Barno a 1928, yana ba da inuwa cikin 'yan shekaru kaɗan. Marke kuwa yana da nawa, musamman a shekarunsa na farko, lokacin da yake aika saiwa ƙasa. Kada ka ga bai yi tsawo ba ka ce ya ƙi.

2. Marke yana zubar da ganye da rani, ya sake sabo wajen faɗuwar damina. Inda saiwarsa ta kai ga laima yakan daɗe da ganyensa. To, in kana da dogon yaro ko tsamiya a gida kada ka sare su don marke. Ka ƙara shi a kansu.

YADDA ZA KA SAMI DASHE

Hanya uku ce. Ka ɗauki wadda ta fi maka sauƙi.

Hanya ta ɗaya: shuka iri

Ga inda mutane da yawa ke karaya. Yawancin irin marke holoƙo ne, ba komai a ciki. A cikin ƙwaya ɗari, sau da yawa waɗanda za su tsiro ba su kai goma ba. Irin kuma ba ya ajiyuwa, in ya yi kamar wata shida ya mutu. Maganin abin shi ne ka tara iri da yawa, ka shuka shi yana sabo.

1. Ka zaɓi iyaye masu lafiya, masu miƙaƙƙen jiki da rassa masu zubowa sosai. Ka ɗebo daga itace uku ko huɗu, waɗanda ke tsaye cikin 'yan'uwansu. Kada ka dogara ga guda ɗaya.

2. Ka tsinko dunƙulen a kan reshe bayan sun koma ruwan ƙasa, kafin iska ta watsar da su. Wannan yakan zo cikin hunturu. Ka shanya su a inuwa kwana biyu ko uku, ka murza, ka fitar da tsinke.

3. Ka yi ɗan fangali, ko ka sami tsohon kwano ka huda gindinsa. Ka cika da ƙasa mai laushi da rairayi daidai wa daida.

4. Ka barbaɗa irin da kauri, kamar yadda ake yafa irin albasa. Ka rufe da rairayi kaɗan, yadda iska ba za ta kwashe ba. In ka binne shi da zurfi ba zai fito ba.

5. Ka yi masa 'yar rumfar kara. Ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji. Kada ka kwarara, kada kuma ka bari ya bushe ko da yini ɗaya. Ka tsare shi daga kaji. Kada ka fid da rai kafin wata guda ya cika.

6. In tsiron ya yi ganye huɗu, ka ɗauke shi da cokali tare da ƙasarsa, ka sa a ledar dashe. Haɗin ƙasar leda shi ne kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya rairayi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ka huda ledar a gindi.

7. Bayan kowane mako biyu ka ɗaga ledar ka sauya mata wuri, don kada saiwa ta huda ta shiga ƙasa. Wadda ta leƙo ka yanke ta da wuƙa mai kaifi.

8. Saura mako uku a dasa, ka janye rumfar kaɗan-kaɗan, ka rage ruwa, don dashen ya saba da rana.

Dashen da ya kai taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya, wato santimita 20 zuwa 40, ya isa fita. In damina ta yi nisa bai kai haka ba, ka sauya masa leda babba ka riƙe shi sai baɗi. Ko da guda ɗaya kake so, ka reni biyar. Sauran ka ba maƙwabta.

Hanya ta biyu: tono ɗan tsiro

Da farkon damina ka duba gindin manyan marke a bakin rafi. Wani lokaci za ka tarar da ƙananan da suka tsiro da kansu. Ka zaɓi wanda bai wuce taƙi ɗaya ba, domin babba saiwarsa ta yi nisa, in ka tsinke ta zai mutu. Ka tono shi da sassafe bayan an yi ruwa, da dunƙulen ƙasarsa. Ka sa a leda, ka cire rabin ganyen, ka ajiye a inuwa mako uku ko huɗu har ya yi sabon toho, sa'an nan ka dasa. In a gonar wani ne ka nemi izininsa. In a gandun dajin gwamnati ne sai da yardar ma'aikatan daji.

Hanya ta uku: renon toho

In akwai kututturen marke mai rai a bakin gonarka ko kusa da gari, ka riga ka sami rabin aiki, domin saiwa tana nan. Ka zaɓi toho ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ka yanke sauran, ka kewaye shi. Wannan ita ce dabarar da manoman Maradi a Jamhuriyar Nijar suka kama tun wajen 1983, suna kiranta sassaben zamani, kuma da ita suka mayar da itatuwa masu ɗimbin yawa cikin gonakinsu.

ZAƁEN WURI

Ka tuna icen da za ka dasa zai fi ka daɗewa. Ka dubi girman da zai yi, kada ka dubi ƙanƙantarsa ta yau.

1. Ka ba shi taku goma daga katanga ko ɗaki ko rijiya ko masai. Kada ka dasa ƙarƙashin wayar lantarki.

2. Marke yana son ƙasa mai zurfi da ke riƙe laima. Ba ya jin daɗin fako, ko wurin da marmara ke kusa da sama. In ka haƙa kamu ɗaya ka ci karo da dutse, ka sauya wuri.

3. Kada ka dasa a kwarin da ruwa ke kwanciya makonni. Mutanen bakin gulbi, musamman wajen Gummi inda aka yi ambaliya a 2024, su nemi ɗan tudu.

4. In da hali ka sa shi yamma da wurin zama. Da la'asar inuwarsa za ta faɗo inda kuke shimfiɗa tabarma. Iskar hadari kuma daga gabas ta fi tasowa, in reshe ya karye ba kan ɗaki zai faɗa ba.

5. Ka bar shi shi kaɗai, da fili kewaye da shi. Marken da aka matse yakan miƙe sama kawai yana neman rana. Wanda ya sami sarari shi ke buɗe rassa ta kowane gefe su zubo.

GARGAƊI A KAN ƘASA MAI DALMA

Wannan ya shafi mutanen Anka da Bukkuyum musamman. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje an zuba mai tsabta, aka yi wa Bagega haka a 2013. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan inda aka bar ta.

Saboda haka kada ka ɗebo ƙasar leda ko ta cika rami daga wurin da aka taɓa daka ko niƙa ko wanke dutsen zinariya, ko kusa da ramin da aka binne ƙasar da aka kwashe. Kada ka yi ban ruwa da ruwan kududdufin wankin zinariya. In kana shakkar wuri, ka tambayi ma'aikatan lafiya kafin ka sa fartanya. Yara ne za su fi kowa wasa a gindin icen nan.

RAMI DA DASAWA

Ka haƙa ramin tun cikin Mayu ko farkon Yuni, ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, wato santimita 60. Ƙasar sama ka tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Ka gauraya ta saman da ruɓaɓɓen taki kwano biyu ko uku da toka tafi biyu, ka mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Lokacin dasawa shi ne bayan ruwa ya zauna sosai, wato daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Wanda aka dasa a Satumba bai sami lokacin kafa saiwa ba rani zai riske shi.

1. Ka dasa da yamma, ranar da ƙasa ke da laima.
2. Ka tsaga ledar da reza ka cire ta duka, ba tare da ka fasa dunƙulen ƙasar ba.
3. Ka zaunar da dashen daidai zurfin da yake a leda. Kada ka binne wuyansa.
4. Ka cika da ƙasa, ka danna da hannu ko da ƙafa a hankali.
5. Ka yi masa ɗan kwarmi kewaye don ya tare ruwa, ka zuba bokiti ɗaya.
6. Ka kafa shinge a ranar. Kada ka ce sai gobe.

TSARON SHEKARA UKU NA FARKO

Awaki. Su ne babban abokin gaban dashe. Akuya tana son ganyen marke, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan za ta cinye aikin wata shida. Ka kafa turaku huɗu masu ƙarfi, ka kewaye da ƙayar magarya ko sarƙaƙiya ko farar ƙaya. Wanda ke da hali ya gina kewayen tubali, ya bar ƙofofin iska tsakaninsu. Tsawon shingen ya kai ƙirjin babban mutum, faɗinsa taku ɗaya da rabi. Darnin kara shi kaɗai ba ya isa, gara da awaki za su gama da shi kafin bazara. Kada ka cire shinge sai kan icen ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe tsaye, jikinsa kuma ya yi kaurin ƙotar gatari.

Ruwa. Daga ɗaukewar ruwan sama har faɗuwar wata damina, ka ba shi bokiti ɗaya, kamar lita 10, sau biyu a mako. Da bazara ka ƙara zuwa sau uku. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan kaɗan kullum, domin shi ke jan saiwa ƙasa. Ga wata dabara. Ka binne tsohon tulu har wuya kusa da dashen, ka riƙa cika shi kana rufewa, ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala ma yana da kyau, a tara a kwano a kai masa. Ruwan wanki mai sabulu da yawa kuwa a kai shi wani wuri. A rani na biyu ka rage ruwan da rabi. Daga na uku, in ƙasar mai kyau ce, ya isa ya riƙe kansa.

Wuta. Marke ba ya jure wuta kamar kaɗanya ko kirya, ɓawonsa ba shi da kauri. Da kaka ka nome ciyawa taku biyu kewaye da shingen. Ka gaya wa iyali kada a ƙona shara kusa da shi, kada yara su hura wutar jin ɗumi a gindinsa lokacin ɗari.

Gara. Ta fi kama dashen da ƙishirwa ta raunana. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganyen dogon yaro kewaye don riƙe laima, amma ka bar tazarar yatsa huɗu daga jikin icen. In ka ga ginin gara a jikinsa ka kankare, ka barbaɗa toka, ka ba shi ruwa.

GYARAN SIFFA

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake so shi ne jiki ɗaya miƙaƙƙe, da rassa masu zubowa daga sama kamar labule, mutum ya shiga ƙarƙashi ba tare da ya sunkuya ba.

1. In dashen ya fito da kai biyu, ka bar mafi ƙarfi ka yanke ɗayan. In ya karkace, ka kafa sanda ka ɗaure shi sako-sako da tsumma. Waya ko igiyar roba tana shiga jikinsa.

2. Daga shekara ta biyu ka riƙa cire rassan ƙasa, biyu ko uku a shekara, har ka sami jiki fili kamar mita biyu da rabi. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan a lokaci guda.

3. Ka yi yankan da rani, da zarto ko adda mai kaifi, kusa da jiki amma ba tare da ka ɓare ɓawo ba. Kada ka karya da hannu.

4. Kada ka taɓa datse kansa. Kada kuma ka aske bakin rassan da ke zubowa, sai wanda ya taɓa kan mutane. Su ne adon icen, kuma sai ya fara manyanta suke bayyana sosai.

AMFANINSA IN YA GIRMA

Ban da inuwa da ado, rassan da ka rage za su ba ka ƙota da turke da itacen girki. Ganyen abincin awaki da tumaki ne, wanda ya zuba kuma a share a kai bola ya zama taki. Yana fid da ƙaro. Ganyensa yana ba da rini ruwan ɗorawa, da shi ne masu rinin laka na ƙasar Mali ke fara jiƙa zanensu. Majema da marina kuma sun daɗe suna aiki da tokarsa.

Sai dai ka tsare shi daga masu sassaƙe. Mutane suna ɗibar ɓawon marke don maganin tari, kuma in aka kewaye jikin itace da sassaƙa ya mutu ke nan. Wanda ya matsa, ka ba shi daga reshen da ka yanke. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa na asibiti ne, a je a auna.

AIKIN KOWANE LOKACI

Disamba zuwa Fabrairu: tara iri da shuka shi.
Maris zuwa Mayu: reno a leda, haƙa rami, tanadin ƙaya da turaku.
Ƙarshen Yuni zuwa Yuli: dasawa da kafa shinge.
Agusta zuwa Satumba: noman ciyawa, maye gurbin wanda ya mutu tun da wuri.
Oktoba zuwa Mayu: ban ruwa, gyaran shinge, tsaron wuta.

Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007 don tare hamada. Amma ba sai ka jira motar dashe ta zo garinku ba. Irin marke yana bakin rafi, kyauta ne. Ka sa yaro ɗaya a gidan ya zama shi ke da alhakin ban ruwa, ka ce masa icensa ne.

Don ƙarin bayani, ko neman ledar dashe, sai ka ga malamin gona na yankinku ko ma'aikacin daji a sakatariyar ƙaramar hukumarku.